Shekarar da Na Kai Kaina Kaso Anka Ƙi Karɓa

Hadiza, Sani, da kai auta da ba ka iya karatu ba tukuna, wanga babi naku ne. Rabona da alƙalami tun ranar da mushe, malaminmu na boko, ya ce in kwashe allona in bar mashi aji, don haka in kun ga harafi ya karkace, ku miƙe shi da kanku. Abin da ya zaunar da ni shi ne maganar da Hadiza ta kawo mini daga lakwal, makarantarsu, ran nan. Ta shigo tana waƙar Shato tana kaɗa kai, ta ce mushensu ya ce Arzika ne ya ƙaga ta, kuma wai ya nuna ta gaban aji ya ce, "Ga ɗiyar Nomau, wanda ya kai kanshi kaso don son ɗan'uwanshi." Ta tsaya tana murmushi, tana jira in yi murna. Ni ko sai na ajiye lomar tuwon da ke hannuna.

To ku saurara. Rabin maganar gaskiya ne. Na kai kaina, da ƙafata, da jakata rataye. Amma ba son Arzika ya kai ni ba. Waƙata na je karɓowa.

Baba Arzika da kuke gani a talabijin da babbar riga, taubashina ne. Uwarshi, Goggo Hajo, ƙanwar babana ce, ciki ɗaya. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, wato a wasanmu ni ne ubangida, shi ne bawa. Ina da izinin in zage shi gaban sarki, shi ma shi rama, ba mai ɗaga kai, don duk abin da taubashi ya faɗa kan taubashinshi wasa ne. Ku riƙe wanga da kyau, shi ne ramin da na faɗa ciki. Kuma kowace shekara, watan cika-ciki, bawa kan ɗauko tsintsiya shi zo shi share ƙofar ubangida, a ba shi ɗan abin shara, a zagi juna, a watse ana dariya. Goggo ta yi aure a Tajaye, mijin ya tafi ci-rani bai dawo ba, sai ta kwaso Arzika ta komo gidanmu a ƙauyenmu na gefen Dogarawa. Tabarma ɗaya munka kwana, kwano ɗaya munka ci, kuma wallahi ban taɓa ganin yaro mai nauyin kai irin nashi ba. In ka ba shi labarin ban dariya ran kasuwa, sai kasuwa ta zagayo sannan ka ji shi bayan rumbu shina ƙyalƙyala shi kaɗai. Mata su tambaye shi sunanshi, sai shi dubi ƙasa kamar can ya ajiye shi. Ni ne bakinshi. In ya yi laifi ni ke ƙaga ƙaryar, in ana rabon ƙosai ni ke yi mashi gardama.

Abu ɗaya Allah ya ba shi ya hana ni, murya. Ya haɗa gurmi da 'yar ƙwarya da fatar damo da wayar birkin keke, shi zauna bayan gida shina taɓawa. In ya buɗe baki, mata masu daka kan riƙe taɓarya sama su manta da saukewa. Ni kuwa in na ce zan raka shi, awakin Goggo kan daina tuƙa su juyo suna dubana. Babana bai so abin ba ko kaɗan.

"Hajo, ki gaya ma ɗanki gidanga ba gidan maroƙa ba ne," in ji shi.

"Yaya, ai bai roƙi kowa ba."

"Zai roƙa. Daga ƙwarya ake farawa."

Amma murya kawai gare shi, ba magana. Waƙoƙin mutane shike maimaitawa wajen gayya da buki, na manoma, na 'yan kokawa, duk tsofaffi. In an ce shi ƙaga baiti ɗaya don amarya, sai gumi shi karyo mashi.

Ni lokacin ina ɗan kamasho a tashar Dogarawa, ina cika motocin Ƙonni da Malbaza da Illela. Ba yabon kai ba, mota in ni ke kiranta ba ta kwana. Tsohuwa ta zo sayen gishiri, kafin ta ankara na sa ta cikin motar Ƙonni tana dariya, sai sun wuce gari take tuna ba ta da kowa can. Bakina ne jarina. Fasinja na jiran mota ta cika, rana na dukan kowa, ni ke riƙe su da zance don kada su sauka.

Shekarar da nike ba ku labari, wani Alhaji ɗan siyasa ya yi muna shato. Ba zan faɗi sunanshi ba, ɗiyanshi na nan kuma ba su yi mini komi ba. Mu ce Mai-Tabarau. Shato shi ne tankin ruwan nan da kuke gani bisa dogayen ƙafafun ƙarfe a shigar ƙauyenmu. An shafe shi da fenti shuɗi, tun daga titi kana hango shi. Ana gobe buɗewa munka ga babbar motar ruwa ta zo ta ɗura mashi, munka ce ko haka ake tada shi, kamar yadda ake tura mota. Ran buɗewa anka yi jawabi, Alhaji ya murɗa fanfo, ruwa ya zubo, mata sunka yi guɗa, anka ɗauki hoto shina wanke hannu. Kwana kaɗan fanfo ya yi tari, ya yi shiru. Ashe ƙarƙashin shaton ba rijiya, ba bututu, ba komi, ƙasa ce kawai irin ta gonar kowa. Mata sunka koma bisa jakai da jarkoki tun sanyin safiya zuwa rijiyar fadama, Goggo Hajo a cikinsu da ciwon gwiwarta. Tantabaru kuwa sunka samu gida.

To ni mi zan yi? Abin da na iya. Duk motar da na cika sai na ce ma direba, "In ka kai ƙauyenmu ka rage gudu, baƙi su ga benen da Alhaji ya gina ma tantabaru." In ce shato ya sha fenti, mu ba mu sha ruwa ba. In ce dogo ne mai wuyan raƙumi, amma raƙumi ya fi shi, shi ko ba komi shina da ruwa a ciki. In ce Inna na bisa jaki, tantabara na bisa bene, ku gaya mini wa ya jefa ƙuri'a cikinsu. Tasha ta kwashe da dariya, mai shayi har shi zubar da madara. Arzika kuwa shina nan zaune gindin dogon-yaro da gurminshi bisa cinya, bai dariya, bai magana, baki sake kamar mai jiran ƙuda. Na ɗauka bai gane ba ne, sai kasuwa ta zagayo.

Bukin wani direba anka yi a Malbaza, da la'asar, na je cin shinkafa. Arzika ya tashi, ya taɓa gurmi, sai na ji:

"Shato, shato, dogo mai wuyan raƙumi,
Ka sha fenti, mu ba mu sha ruwa ba.
Tantabara ta samu bene,
Inna na bisa jaki tun da safe,
Alhaji, wa ya jefa maka ƙuri'a?"

Wuri ya yi tsit, sannan ya fashe. Mata na guɗa, direbobi na buga rufin mota, wata tsohuwa na kuka tana cewa a sake. Samari sunka ɗaga salula sama suna ɗauka. Ni ina tsaye da shinkafa a hannu, ina jin maganata, tawa, wadda na tauna da haƙorana, tana fitowa daga bakin wanda bai iya sayen goro ba sai na raka shi. Na jira shi ce, "Wagga ta ubangidana ce Nomau." Ya gama, ya zauna, ya karɓi ruwa ya sha.

Bayan buki na tare shi bayan wata motar siminti.

"Kai, ɓarawo. Maganar wa ka rera?"

"Taka," in ji shi, ko kunya babu.

"To ka faɗa?"

"Ubangida, ba aikina ba ne shara? Kai ka zubar a ƙasa, ni na share."

Tunda anka haife shi bai taɓa ba ni amsa da wuri ba sai ran nan. Direbobin da ke kusa sunka yi dariya, sunka ce taubasai sun fara. Ni ma na yi dariyar, don in ban yi ba a ce ban iya wasa ba.

Kafin wata shi mutu waƙar ta bi waya zuwa waya har ta wuce mu. In cika mota, direba shi tada ta, sai Shato ta tashi daga rediyonshi. 'Yan kabu-kabu na Ƙonni na yin ta, masu lodin siminti na Malbaza na yin ta, 'yan ci-rani sun tafi da ita ƙetare. Sunanshi ma ya canza, ya koma Arzika Shato. Abin da ya fi ci mini rai, in na yi zancena na kullum a tasha, benen tantabaru, sai wani fasinja shi ce, "A'a, kai ma ka iya waƙar Arzika?" Ni! Har na daina faɗa.

Sai lokacin yaƙin zaɓe ya zo. Duk inda Mai-Tabarau ya tsaya jawabi, yara su taru nesa kaɗan suna kukan tantabara. Ya kai ƙara cewa an ɓata mashi suna. Wata safiya jandarma sunka zo ƙofar gidanmu, sunka yi sallama da ladabi, sunka tafi da Arzika da gurminshi. Goggo ta faɗi ƙasa. Babana ya fito da carbi a hannu shina cewa, "Ba na faɗa ba? Daga ƙwarya ake farawa." Ni ma, in ce maku gaskiya, ranar farko na tsorata. Na ce yanzu za su dawo kaina. Na kwana biyu ban je tasha ba, ina leƙen titi ta katanga. Ba wanda ya zo.

Abin da ya zo shi ne suna, kuma ba nawa ba. Daga birgad, wato ofishin jandarma, anka wuce da shi gidan kaso, sai ga rediyo na faɗin sunanshi safe da yamma, har da na ƙasashen waje, suna karya shi da bakinsu, Arzíka, Arzíka. Lauya ya taso tun daga Yamai cikin mota mai sanyi ya ce shi ba a biyanshi. 'Yan makaranta sunka buga hotonshi a riga, hoton ma ni na riƙe mashi madubi ranar da anka ɗauke shi. Labari ya fito wai an tambaye shi su wa ke bayanshi, ya ƙi faɗin kowa. Anka ce namiji ne, ƙarfe ne. Gidanmu da ko mai tallan kuka ba ya tsayawa ya cika da baƙi, babana da kanshi ya shimfiɗa masu tabarma, shina cewa, "Ai a hannuna ya tashi." Ranar ziyara ni ke ɗaukar Goggo zuwa ganinshi, kuma abin da na gani ƙofar kason nan har gobe bai bar idona ba. Kwanoni! Jere, masu murfi, masu fure, naɗe cikin ƙyalle. Wannan ta kawo dambu, waccan ta kawo zabi soyayye, 'yan mata da ko gaisuwata ba su amsawa a tasha sun sha kwalli suna layi don su ga Arzika ta taga. Mutum ya shiga kaso da wuya kamar na zakara, ga shi kumatu na fitowa. Ni ina waje, da 'yancina, ina cin garin rogo.

Na kwanta na tashi da abin. Na ce to, in waƙar laifi ce, ai laifina ne. In kuma abin yabo ce, nawa ne. Ƙaƙa za a ce mutum ya sace maka magana, sannan shi sace maka har ɗaurin? Na yanke shawara. Na yi aski, na sa rigata mai aljihu biyu, na tsaya wajen mai hoto ya ɗauke ni ta gefen da ba ni da tabo, na ce mashi shi ajiye da kyau, za a zo nema. Na sa tabarma da buta da cokali a jaka. Ban gaya ma kowa ba. Na hau mota da hantsi, karon farko a rayuwata na zauna gaba, na sauka ƙofar birgad ɗin da anka fara kai shi.

Kumandan wani dattijo ne mai furfura a gemu, shina zaune bayan tebur shina ɓare gyaɗa. Na ƙame na sara mashi yadda na ga ana yi.

"Mon kumandan, na kawo mai laifi."

"Ina shike?"

"Ga ni. Waƙar Shato ni na ƙaga ta. Wanda kunka rufe, baki kawai ya ara mata. Ku rubuta, kuma a gaya ma 'yan rediyo."

Ya dube ni, ya dubi jakar, ya dubi butar da ke leƙowa.

"Sunanka?"

"Nomau."

Sai ya ajiye gyaɗar. "Nomau? Ɗan kamasho na tashar Dogarawa?"

Ƙirjina ya buɗe. Na ce ashe sunana ya iso nan ma. Na ce, "Shi ne, ba wani."

Ya kira wani jandarma daga waje ya ce, "Zo ka ga Nomau." Wancan ya leƙo, ya dube ni, ya toshe baki ya koma. Kumandan ya ce, "Mi ke tsakaninka da mai gurmi?"

"Uwarshi ƙanwar babana ce."

"To!" Ya buga tebur har ɓawon gyaɗa ya tashi. "Ai na sani. Ku biyun nan ko bakin kabari ba za ku bar wasa ba."

"Mon kumandan, ba wasa ba ne. Na rantse da abin da zai kashe ni."

"Haka nawa taubashin ya rantse ran aurena, gaban surukaina, wai har yanzu ina fitsarin kwance. To tunda taka ce, rera muna."

Nan ne na yi kuskure. Da na ce a kira mai shayin tasha shi ba da shaida. Amma ina ganin dama ta samu, ga jama'a, sai na gyara murya na ɗauko ta tun daga sama. Ban kai wuyan raƙumi ba, sai wani da anka rufe a ɗakin baya kan satar akuya ya buga ƙofa ya yi kururuwa, "Mon kumandan, na amsa laifina, ni na sace ta, don Allah a ce shi bari!"

Kumandan ya yi dariya har ya cire hula ya share ido da ita. Da ya huce sai ya taso ya dafa kafaɗata, fuskarshi ta canza, ya ce, "Yaro, na gane. Kana so ka ɗauke ma ɗan'uwanka kaya, a rufe ka a sake shi. Na daɗe cikin aikin ga ban ga irin haka ba. Allah shi yi maka albarka. Amma doka ba ta karɓar musanya." Na ce ba musanya nike so ba, a bar shi ciki, a ƙara da ni. Ya ce, "Ka ji zumunci, wai shi taya shi zama." Ya sa anka ba ni ruwan sanyi, ya damƙa mini gyaɗa cikin aljihu, ya tsayar da wata mota da kanshi ya ce a sauke ni Dogarawa.

Kafin in iso labari ya riga ni. Na shiga gida, Goggo Hajo ta taso da gwiwarta mai ciwo ta rungume ni tana kuka. "Nomau, ɗan Yayana, ashe haka kake son shi? Kai da ko baiti ɗaya ba ka iya ba, ka je ka ce kai ne?" Na ce, "Goggo, ni ne fa." Ta ce, "Bari, ɗana, nan gida ne, ba sai ka ci gaba ba." Babana ya kira ni zaure ya ce ya daɗe shina ɗaukata shashasha, yau ya san ya haifu. Limamin ƙauye ya kawo ni misali cikin wa'azi. Abin da ya fi zafi, 'yan tashar da sunka ji maganar nan daga bakina da kunnuwansu, mai shayi, direbobi, su ma sunka juya. Labarin mai zumunci ya fi masu daɗi. Mai shayi ya ce mini, "Ashe lokacin da kake faɗa muna, a gida kake jinta wajen Arzika." Tafiyar da na yi don in karɓo waƙata, ita ta rufe ta da kwaɗo.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, sarkin tasha, don shi yaron Mai-Tabarau ne. Shi bai damu da wa ya ƙaga ba. Ya ce wanda ya kai kanshi birgad don maƙiyin Alhaji ba shi ƙara kiran mota a tasharshi. Haka na bar aikin da na iya duk duniya, na koma Malbaza ina ɗaukar buhun siminti a ka, inda ba mai jin zancenka don ƙarar motoci. Farin da kuke gani a gashina, Sani, da kake cewa tsufa ne, can na samo shi. Ba rediyon da ya faɗi an kore ni. Ba kwano ko ɗaya. Hoton nan ma ba wanda ya je nema, ni na koma na karɓo abina.

Zaɓe ya wuce, Mai-Tabarau ya faɗi, ya janye ƙararshi, anka saki Arzika. An ɗauko shi bisa kafaɗa tun daga titi. Daga baya wasu masu aikin ruwa sunka zo don sun ji waƙar, sunka haƙa rijiya ƙarƙashin shaton, sunka sa mata faifan rana mai jawo ruwa. Ruwan da kuke sha in mun je ƙauye shi ne, wanda kowa ke ce ma ruwan Arzika. Goggo ta sayar da jakinta. Ban ce ban ji daɗi ba. Amma duk kurɓar da na yi sai na ji ɗan ɗaci.

Da watan cika-ciki ya zagayo, ina zaune zaure da hantsi, sai ga mota ta tsaya. Arzika ya fito cikin shadda, da tsintsiya sabuwa, mutane na biye da shi da salula. Ya duƙa ya share ƙofata tsaf, ana tafi. Na jefa mashi abin shararshi a ƙasa, na ce bawa ya yi ƙiba, a rage mashi hatsi. Anka yi dariya. Sai ya shigo zaure ya sako labule, munka saura mu biyu.

"Ubangida, kana fushi."

"Ka sha ruwana, ka ci zabina, ka yi kasona. Ko sau ɗaya ka taɓa faɗin sunana?"

"Na faɗa."

"Ina? Duk hirarka ta rediyo na ji."

Ya leƙa labule, ya rage murya. "Birgad."

"Birgad?"

"Wallahi ko zama ban yi ba," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa ni, ko tsawa ba a yi mini ba. Kumandan ya ce wa ya tsara maka waƙar ga, na ce Nomau ne, ɗan kamasho, tashar Dogarawa, shina da tabo a kumatun hagu, in kun yi sauri za ku iske shi wajen mai shayi. Har na ce in raka su."

"Kai! To mi ya faru?"

"Ya ce mi ke tsakaninmu. Na faɗa. Sunka yi ta dariya. Ya ce ma mai rubutu shi rubuta wai na ƙi faɗin kowa."

Sai lokacin na gane inda kumandan ya san sunana. Wani zai ce kamata ya yi in shaƙe shi. Mutumin da ƙasa duka ke ce ma ƙarfe ya sayar da ni kafin a yi tayi. Amma ni abin da na ji, kamar an zuba mini ruwan randa a ƙirji. Na matso kusa da shi.

"Maimaita. Ka ce masu duka tawa ce?"

"Duka."

"Har Inna bisa jaki?"

"Har ita. Kiɗan ne kawai na ce nawa ne."

"To fita ka faɗa ma mutane."

Ya dube ni da idanun nan nashi na saniya, ya ce, "Zo ka gani." Ya ɗaga labule, ya kama hannuna ya ɗaga sama gaban jama'a, ga Goggo, ga babana, ga masu salula. Ya buɗe muryar nan da Allah ya ba shi ya ce, "Jama'a, ku shaida! Waƙar Shato ta Nomau ce, tun daga farko har ƙarshe. Kuma ni na tona shi a birgad tun ba a matsa mini ba, don tsoro!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ran nan ba, ko a tasha. Wani ya faɗi bisa tabarma shina riƙe da ciki. Wani ya ce, "Kai, Arzika ma ya iya tsiya!" Babana har tari ya kama shi. Goggo ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Ku dai ba ku girma. Ku bar wasan nan ku zo ku ci abinci." Arzika ya saki hannuna, ya ɗaga kafaɗa, munka je munka ci.

Yau shina Yamai, shina hawa jirgi, ya yi waƙar taki da bai iso ba, ya yi ta asibiti mai gado babu magani, hukuma ta sake kiranshi buro ba sau ɗaya ba, kuma in faɗi gaskiya, daga baya ya koyi tsayawa da ƙafarshi, bai ƙara nuna kowa ba. Amma har yanzu shi kan kira ni a waya, wai gaisuwa, sai can shi ce, "Ubangida, mi ake cewa wajenku kwanan nan?" Kullum sai na rantse ba zan buɗe baki ba, kullum sai na ji kaina a rediyo bayan wata biyu.

Shi ya sa na rubuta. In na faɗa da baki, fuskata kuke kallo, kuna jiran wurin dariya, uwarku ma haka take yi. Takarda kuwa ba ta da taubashi. Hadiza, ki kai ma mushenku wanga babi, ki ce shi karanta shi kaɗai, a zaune, kuma kada ki gaya mashi abin da ke tsakanina da Arzika sai ya kai inda na faɗa da kaina. Ki tsaya ki dubi fuskarshi har shi gama. In ya yi dariya, kada ki gaya mini.